Babi na Shida: Amrish Puri, Bos ɗin Finafinan Indiya

Wane ne mutumin nan mai aski ƙwal-kwabo da manyan idanu da murya mai kauri, wanda ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana fitowa a bos a finafinan Indiya? Me kuma ya hana shi zama jarumi, alhali ba wanda bai san shi ba? Duk wanda ya yi kallo a silimun Kano ko Kaduna ko Jos, ko ya taɓa hayar kaset a shagon unguwa, ya san fuskar nan. Da yawa Mogambo suke ce masa, sunan da ya ɗauka a fim guda ya bi shi har kabari. Sunansa na yanka Amrish Puri. Ya fito a finafinai fiye da 400, kuma bai soma ba sai da ya doshi shekara 40 a duniya.

A fim akwai jarumi da jaruma, waɗanda sunansu ke sayar da tikiti. Akwai kuma wani rukunin 'yan wasa da ake ɗauka don su zama wani mutum takamaimai a cikin labarin: uban yarinya, mai gari, lauya, sufeton 'yan sanda, boka. Jarumi yakan kasance shi ne shi daga wannan fim zuwa wancan, domin shi ɗin masu kallo suka biya kuɗi su gani. Waɗannan kuwa dole su sauya tafiya da murya da kallo duk lokacin da aka ba su sabon aiki. Amrish Puri na cikin wannan rukuni, kuma yadda ya shige shi ne ya bayyana irin ƙarfin da ya yi a cikinsa.

Daga Punjab zuwa Bombay

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1932, a garin Nawanshahr na yankin Punjab, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Ya yi wani ɓangare na karatunsa a Shimla, garin kan duwatsu da Turawan mulki ke komawa idan zafi ya matsa. Gidansu ba baƙin harkar fim ba ne. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga sana'ar, har Madan ya yi suna wajen fitowa a mugu. K. L. Saigal, mawaƙi kuma jarumin da ya yi tashe a shekarun 1930 da 1940, ɗan'uwansu ne.

Da wannan gata ya nufi Bombay, birnin da ake kira Mumbai yanzu, a shekarun 1950, yana son ya zama jarumi. Aka gwada shi a gaban kyamara, bai ci ba. Manyan jaruman lokacin, Dilip Kumar da Dev Anand da Raj Kapoor, masu sanyin fuska ne, irin waɗanda mai kallo ke tausaya wa tun kafin su buɗe baki. Fuskar Amrish tana da faɗi da taurin muƙamuƙi, idanunsa kuma a waje suke. Sai ya haƙura, ya kama aikin albashi a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin Indiya, wadda ake taƙaita sunanta da ESIC. Ya yi kimanin shekara 20 a wannan ofis.

Ofis da rana, dandali da dare

Waɗannan shekaru ba su tafi a banza ba. A farkon shekarun 1960 ya haɗu da Ebrahim Alkazi, ɗaya daga cikin manyan malaman wasan daɓe na Indiya, daga nan ya koma hannun darakta Satyadev Dubey, wanda ya yi masa horo mai tsanani na shekaru. Da rana yana kan tebur yana cike takardu, da yamma yana wurin gwaji.

Wasan daɓe yana koyar da abin da kyamara ba ta tilasta wa kowa. A dandali ba a cewa a tsaya a sake. Idan ɗan wasa ya yi tuntuɓe a magana, a gaban jama'a zai gyara. Muryarsa kuma sai ta kai ga mutumin da ke kujerar ƙarshe ba tare da ya yi ihu ba, wanda ke nufin sai ya koyi fitar da ita daga ciki, ya san inda zai ja numfashi da inda zai yi shiru. Muryar da daga baya ta riƙa cika silima, a nan aka gina ta.

Ɗaya daga cikin fitowarsa ta farko a hannun Dubey ita ce a wasan Andha Yug na Dharamvir Bharati, inda ya zama Dhritarashtra, makahon sarkin da 'ya'yansa suka ƙare a yaƙi. Mutumin da ido ne babban makaminsa, sai ga shi an ba shi aikin da ba zai yi amfani da ido ba. Ya kuma fito a Hayavadana na Girish Karnad, da Sakharam Binder na Vijay Tendulkar, labarin wani mai ɗinke littattafai da ke kwaso matan da mazajensu suka kora yana ajiyewa a gidansa bisa sharuɗɗansa. A 1979 aka ba shi lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi, wadda ke cikin mafi girma da ɗan wasan daɓe ke samu a Indiya.

Ƙofar fim ta buɗe

An fara ganin sa a fim cikin Prem Pujari na Dev Anand a 1970, sai Reshma Aur Shera na Sunil Dutt a 1971. Duka ƙananan fitowa ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ba shi aiki mai nauyi shi ne Shyam Benegal, jagoran wani salo na finafinan Indiya masu ƙaramin jari, waɗanda suka rage waƙa da rawa suka fuskanci rayuwar talaka.

A Nishant na 1975 ya fito a babban wa a gidan wasu masu gonaki da suka mallake ƙauye guda. Ƙannensa suka sace matar sabon malamin makaranta, malamin ya je wurin 'yan sanda da hukuma, ba wanda ya iya taɓa su, har sai da mutanen ƙauyen suka yi bore. Muguntar da ya nuna a nan ta mai iko ce wanda bai taɓa jin cewa abin da yake yi laifi ba ne. A Manthan na 1976 ya zama Mishraji, mai kamfanin madara da ke sayen nonon talakawa da arha, wanda kafa ƙungiyar makiyaya ke neman karya masa kasuwa. Wannan fim manoma 500,000 na jihar Gujarat ne suka haɗa kuɗinsa, kowa ya ba da rupi biyu na kuɗin Indiya. Ya sake aiki da Benegal a Bhumika a 1977. Govind Nihalani kuma ya sa shi a Aakrosh a 1980 da Ardh Satya a 1983, inda ya zama tsohon ɗan sanda mai dukan matarsa, wanda ya tilasta wa ɗansa shiga aikin da yaron ba ya so.

Masu kallon da suka san shi ta finafinan faɗa kaɗai ba su cika sanin wannan ɓangare ba, alhali a nan ne aka fi ganin zurfinsa.

Kujerar bos

Kafin shi akwai manyan miyagu a finafinan Indiya: Pran, Ajit, Prem Chopra, da Amjad Khan wanda ya zama Gabbar Singh a Sholay a 1975. Amrish ya shigo sahunsu da Hum Paanch na 1980, inda ya fito a azzalumin mai gonaki Veer Pratap Singh. Yana da shekara 48 a lokacin. Daga nan aiki ya yi ta zuwa: Vidhaata da Shakti a 1982, Hero a 1983, Meri Jung a 1985.

Lokacin ya dace da shi. Finafinan shekarun 1980 sun karkata ga labarin ramuwa, inda ake kashe wa yaro uba ko a ƙwace musu gida, ya girma ya ɗauki fansa. Irin wannan labari nauyinsa yana kan bos. A fagen dambe ba a yi wa ɗan dambe kirari don ya kashe rago. Sai ya buge wanda kowa ke tsoro sannan makaɗa ke kama sunansa. Haka jarumin fim yake, girmansa daidai yake da girman wanda ya kayar a ƙarshe. Furodusoshi sun gane cewa idan Amrish Puri ne a ɗaya gefen, ko sabon yaro aka sa a jarumi zai fito da kima. Jackie Shroff a Hero da Ajay Devgn a Phool Aur Kaante na 1991 duk sun soma jarumtarsu ne da shi a cikin fim ɗin.

Abin da ya bambanta shi da masu maimaita mugunta iri guda shi ne yadda yake ba kowane mugu wata alama tasa. A Nagina na 1986 ya zama Bhairon Nath, boka mai wasa da macizai, da baƙar riga da sarewa, yana farautar macijiyar da ta rikiɗa ta zama mace, wato Sridevi. A Saudagar na 1991 ya zama Chuniya, mutum mai lanƙwasa kai da daɗin baki, wanda ya shiga tsakanin aminai biyu, Dilip Kumar da Raaj Kumar, ya mayar da su abokan gaba. A Damini na 1993 ya zama lauya Chaddha, mai wata ɗabi'a ta girgiza kai ya watsa gashin goshinsa baya duk lokacin da ya ga ya kama mai shaida. Da wuya a ce mutum ɗaya ne ya yi ukun nan, in ba don muryar ba.

Mola Ram

Turawa sun fara ganin sa a fim ɗin Gandhi na Richard Attenborough a 1982, inda ya fito a Khan, ɗaya daga cikin Indiyawan da suka tsaya tare da Gandhi a Afirka ta Kudu. Bayan shekara biyu Steven Spielberg ya sa shi a Indiana Jones and the Temple of Doom, a matsayin Mola Ram, shugaban wata ƙungiyar asiri da ke bautar da yara a ramin haƙar ma'adinai. Fitowar da aka fi tunawa ita ce wadda ya cusa hannu a ƙirjin mutum ya zaro zuciyarsa tana bugawa. Wannan fim na cikin waɗanda suka sa Amurka ta ƙirƙiro sabon matakin tantance finafinai a 1984, mai gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba.

Hukumomin Indiya ba su ba da izinin ɗaukar fim ɗin a ƙasarsu ba saboda yadda ya siffanta Indiyawa da addininsu, sai aka ɗauke shi a Siri Lanka da Ingila. Ƙorafin yana da tushe, domin fim ɗin ya cika da abubuwan da ba haka suke ba. Amrish bai koma Amurka da zama ba, ya ci gaba da aikinsa a Bombay. Abin da ya rage masa daga wannan aiki shi ne askin. Don Mola Ram ya aske kansa, kuma ya bar shi haka har ƙarshen rayuwarsa. Kan da ba gashi yana karɓar kowace irin hular gashi da rawani, abin da ya sauƙaƙa masa sauya kama. Shi kansa ya kasance mai son huluna, yana tara su daga ƙasashen da ya ziyarta.

Mogambo

Mr. India ya fito a 1987. Shekhar Kapur ne darakta, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarin. Anil Kapoor ya fito a talakan da ke riƙon marayu, wanda ya gaji wata na'ura daga mahaifinsa mai ɓoye mutum daga ganin ido. Mogambo kuwa wani hatsabibi ne da ke zaune a tsibiri yana shirin tarwatsa Indiya da makamai masu linzami.

A takarda Mogambo abin dariya ne. An sa masa hular gashi mai ruwan zinariya, da baƙar riga irin ta janar mai ado da zare, da zobba a yatsu. Fim ɗin ma rabinsa na yara ne. Ɗan wasa mara horo da ya yi ta zare ido da ihu har abin ya zama shirme. Amrish ya bi ta wata hanyar. Yana zaune a karaga, hannunsa a kan wata dunƙulalliyar ƙwallo da ke jikin kujerar, yana ƙwanƙwasa ta da zobbansa a hankali. Don ya nuna wa baƙinsa irin biyayyar da ake yi masa, ya umarci sojojinsa uku su faɗa cikin rijiyar ruwan guba mai narkar da mutum, suka faɗa, shi kuwa ko gezau. Sannan ya furta 'yar jimlar nan tasa mai cewa Mogambo ya ji daɗi. Ya maimaita ta sau da yawa a fim ɗin, kuma kowane karo da irin muryar da ya faɗe ta: wani lokaci da murmushi, wani lokaci a ƙasa-ƙasa kamar gargaɗi, wani lokaci da dariyar ƙeta. Wannan dabarar ɗan wasan daɓe ce, wanda ya saba faɗin magana guda dare bayan dare ba tare da ta mutu a bakinsa ba.

Bayan Mr. India ya zama bos ɗin da ya fi kowane tsada a masana'antar. Ram Lakhan da Tridev a 1989, Ghayal a 1990, Karan Arjun a 1995, Koyla a 1997, duk shi ne a kujerar. Ba duka finafinan wannan zamani ne masu kyau ba. Mai fitowa a finafinai da dama cikin shekara guda dole ya yi wasu don kuɗi kawai, kuma a cikinsu akwai inda ya maimaita kansa.

Daga bos zuwa uba

Da ya haura shekara 60, daraktoci suka yawaita ba shi fitowar uba. Wadda ta fi shahara ita ce Baldev Singh a Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra, 1995, tare da Shah Rukh Khan da Kajol. Fim ɗin da shi ya buɗe: dattijo ɗan Punjab mai shago a Landan, yana watsa wa tattabaru tsaba a dandalin Trafalgar, zuciyarsa tana gonakin garinsu. Ya yi wa amininsa alkawarin aurar da 'yarsa Simran ga ɗan aminin tun suna yara, kuma a wurinsa saɓa alkawarin daidai yake da yanke igiyar da ta ɗaure shi da gida.

Baldev Singh ba mugu ba ne, amma shi ne shingen da ke tsakanin Simran da saurayin da take so, kuma masu kallo sun shiga silima da tsoron Amrish Puri na shekara goma sha biyar a ransu. Daraktan ya ci ribar wannan tsoro. Idan dattijon ya ɗago ido ya dubi saurayin, ba sai ya ce komai ba. A fitowar ƙarshe, a tashar jirgin ƙasa, jirgi ya fara tafiya da saurayin a bakin ƙofa, uban yana riƙe da wuyan hannun 'yarsa gam, tana roƙonsa. Kyamara ta tsaya a kan fuskarsa. Ba ya motsi, idanun ne kawai ke sauyawa, sannan yatsunsa suka saki. An ci gaba da nuna wannan fim a silimar Maratha Mandir ta Mumbai shekara da shekaru, fiye da kowane fim a tarihin Indiya.

A Ghatak na 1996 ya zama Shambhu Nath, tsohon ɗan gwagwarmayar neman 'yanci da ciwon maƙogwaro ya kama, wanda Sunny Deol ya kawo birni neman magani, bos ɗin unguwa ya wulaƙanta shi a bainar jama'a. A nan shi ne wanda ake zalunta. A Virasat na 1997 ya zama basaraken ƙauye mai son ɗansa ya dawo gida ya gaje shi. Ya kuma nuna yana iya ban dariya a Muskurahat na 1992 da Chachi 420 na 1997.

Lambobin yabo na Filmfare uku ya samu, duka na gwarzon mataimakin jarumi: a Meri Jung da Ghatak da Virasat. A 1992 aka ƙirƙiro lambar gwarzon mugu, aka yi ta sa sunansa cikin 'yan takara, amma har ya rasu bai taɓa cin ta ba.

Talabijin da sauran harsuna

Aikinsa na talabijin bai kai na fim yawa ba, amma akwai mai nauyi a ciki. A 1988 gidan talabijin na gwamnati, Doordarshan, ya nuna Tamas na Govind Nihalani, wanda aka ɗauko daga littafin Bhisham Sahni a kan kashe-kashen da suka biyo bayan shirin raba Indiya da Pakistan a 1947. Amrish ya fito a Sardar Teja Singh, wani jagoran mabiya addinin Sikh. Shirin ya ta da ƙura har aka kai ƙara kotu don a hana nuna shi, kotu ta ƙi. Shi ɗan Punjab ne, yankin da rabuwar ta tsaga biyu, kuma yana da shekara 15 lokacin da abin ya faru.

Bai tsaya ga harshen Hindi ba. Ya fito a Kaadu na harshen Kannada a 1973, da Chann Pardesi na Punjabi, da Thalapathi na Tamil tare da Rajinikanth a 1991, da Kaalapani na Malayalam a 1996, da wasu na Telugu da Marathi.

Shekarun ƙarshe

A 2001 ya yi fitowa biyu da suka nuna ƙarfinsa bai ragu ba. A Gadar ya zama Ashraf Ali, babban ɗan siyasa a Lahore da ke son raba 'yarsa da mijinta direban babbar mota. A Nayak ya zama babban ministan jiha wanda ɗan jarida ya ƙure a hira, shi kuma cikin fushi ya ƙalubalance shi ya karɓi kujerar na kwana ɗaya ya gani in da sauƙi.

Daga baya ciwon jini mai hana ɓargo aiki yadda ya kamata ya kama shi, amma ya ci gaba da zuwa wurin ɗaukar fim. A 2004 kaɗai an gan shi a Aitraaz da Hulchul da Mujhse Shaadi Karogi. Ya rasu a Mumbai ranar 12 ga Janairu, 2005, bayan zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 72. Kisna na Subhash Ghai ya fito 'yan kwanaki bayan rasuwarsa, tarihin rayuwarsa mai suna The Act of Life kuma aka buga shi a 2006.

Babi na gaba zai duba Om Puri, wanda ya fito a ɗansa a Ardh Satya kuma ya ja ragamar Tamas. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙanen Amrish saboda sunan, amma ba su haɗa dangi ba, kuma hanyar da ta kai shi finafinan Ingila da Amurka dabam take.